Na'urar sauraron waƙa ta naira miliyan biyar: Me za ta ƙara wa kunnen mutumin Lafagu?

A Lafagu da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, da wuya mutum ya ratsa kasuwa bai ji sauti yana tashi daga wata ƴar na'ura ba. Mai shayi ya rataye ƴar MP a jikin rumfa tana tafsiri, ɗan kabu-kabu ya ɗaure sifika a kan babur, makiyayi ya saƙala rediyo mai cin memori a kafaɗa, matashi kuma ya toshe kunnuwansa da iyafis yana bin sabuwar waƙar da aka tura masa.

Yanki ne na iyaka. Kogin Kwara ya ratsa shi, Jamhuriyar Benin kuma tana maƙwabtaka da shi ta wajen Tsamiya da Lolo. Memori ɗaya a nan kan ɗauki waƙar Hausa da ta Fulatanci da ta Dandi da ta Zabarmanci, ga wa'azi, ga karatun Alƙur'ani.

A ɗaya ɓangaren na duniya, kamfanoni a Japan da Koriya ta Kudu da Chaina suna ƙera na'urorin da ba su da wani aiki sai kunna sauti, kuma kuɗin wasu ya kai dala 3,700. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, kuɗin ya haura naira miliyan biyar da rabi. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashinsa na fiye da shekara shida da rabi, bai ci bai sha ba, kafin ya mallaki guda.

Masu sayar da su na cewa duk wanda ya saurara da su ba zai sake komawa waya ba. To mene ne gaskiyar lamarin? Kuma da a ce irin wannan na'ura za ta faɗo hannun mai son kiɗan Shata ko Ɗanƙwairo a Lafagu, me za ta ƙara masa?

Daga Walkman zuwa akwatin zinare

Tarihin sauraro a aljihu ya fara ne a ranar 1 ga Yulin 1979, lokacin da kamfanin Sony ya fitar da Walkman na farko mai cin kaset. A 2001 kamfanin Apple ya zo da iPod, wanda ke ɗaukar waƙa 1,000 a cikin GB 5. Daga baya wayar hannu ta haɗiye wannan aiki gaba ɗaya, har Apple ya daina ƙera iPod a 2022.

Sai dai kasuwar ba ta mutu ba, sama ta yi. Da talakawa suka koma waya, kamfanonin suka juya wajen masu kuɗin da ke ganin sautin waya bai ishe su ba. Kamfanin iriver na Koriya ta Kudu ya fito da samfurin Astell&Kern a 2012. Kamfanin FiiO na birnin Guangzhou, wanda aka kafa a 2007, ya cika kasuwa da masu matsakaicin farashi. Shi kuma Sony ya riƙe sunan Walkman, ya ɗora shi a kan sababbin na'urori.

Wadda ta fi tsada a cikin Walkman ɗin Sony ita ce NW-WM1ZM2 da ta fito a 2022. An sassaƙa gangar jikinta daga jan ƙarfe, aka shafe ta da ruwan zinare. Nauyinta kusan giram 490 ne, wato dab da rabin kilo, tana da ma'ajiyar GB 256 da gurbin ƙarin memori. A shekarar ce kuma Astell&Kern ya fitar da SP3000, wadda farashinta da nauyinta suka yi kusan daidai da na Sony.

Abin da ake saya da wannan kuɗi abu biyu ne. Waƙar da ke cikin memori jerin lambobi ce kawai, don haka akwai ɓangaren da ke mayar da lambobin su zama sauti, shi ake kira DAC. Daga nan sai amfilifaya ta ƙara wa sautin ƙarfi ta tura shi zuwa kunne. Kowace waya tana da waɗannan biyun, amma ƙanana ne, kuma an cusa su ne kusa da na'urar kama sabis da sauran kayan da ke iya haifar da ƙara. A cikin na'ura mai tsada an ware musu wuri, an ba su wuta mai tsabta, kuma suna da ƙarfin tuƙa manyan hedfon waɗanda waya ba ta iyawa.

Wannan ba ƙarya ba ne, aikin injiniya ne na gaske. Amma akwai sharaɗin da ba a cika faɗa a talla ba: na'urar tana fitar da abin da aka zuba mata ne kawai.

Yadda waƙa ke isowa Lafagu

Kafin zuwan memori, kaset ne sarki. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro shi a 1963, ya kuma mamaye Arewa daga shekarun 1970. Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayanin yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar kwafar kaset da rarraba shi zuwa sassan Arewa da ƙasashen maƙwabta. Ya nuna cewa kwafa daga kwafi ta sa jama'a sun saba da hoto mai dishi-dishi da sauti mai shuu, har abin ya zama jiki.

Haka kaset yake. Duk lokacin da aka kwafa daga wani zuwa wani, sai an rasa wani abu, a kuma ƙara wata ƙara. Kaset ɗin da ya baro Kano ko Sakkwato, ya biyo ta Birnin Kebbi ko Jega, aka sake kwafarsa a rakoda mai baki biyu kafin ya kai ƙauye, ya riga ya zama jikan jika.

Da waya ta zo, sai harkar ta koma hannun masu tura waƙa, waɗanda ke zama da kwamfuta a bakin kasuwa ko cikin shagon caji. Ka miƙa memori, ka faɗi abin da kake so, a cika maka. Daga nan aboki ya tura wa aboki ta bulutut ko Xender.

Kada a raina wannan hanya, domin ta fitar da mutane duniya. Mawaƙin Abzinawan Nijar Mdou Moctar ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008. Ba a fitar da shi a kasuwa yadda aka saba ba, waya da memori ne suka yaɗa shi a faɗin Sahel. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙarsa a wayoyin jama'a a arewacin Mali, ya saka ta a cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones. Yau Mdou Moctar yana wasa a manyan dandamalin Turai da Amurka.

Wato memori ya yi aikin da kamfanonin faifai ba su yi ba. Tambayar ita ce, a wane hali waƙar take isowa?

Kowa ya sayi rariya

Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana ɗaukar bayanan sauti kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Minti ɗaya na cin kusan MB 10. Wannan ya yi nauyi ƙwarai wajen ajiya da turawa, shi ya sa masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, ciki har da Karlheinz Brandenburg, suka samar da tsarin MP3 a farkon shekarun 1990.

Dabarar MP3 ita ce zubar da sautukan da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsu ba, misali ƙaramin sautin da babba ya danne. MP3 mai kilobit 128 yana cin kusan MB 1 a minti. Ma'ana, a cikin kashi goma sha ɗaya na bayanan CD, an ajiye ɗaya an zubar da goma. Abin mamakin shi ne har yanzu waƙar tana daɗin ji. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

A nan akwai abin da mutane da yawa ke ruɗewa a kai. Tura waƙa ta bulutut ko Xender daga waya zuwa waya ba ya rage mata inganci, ko sau dubu aka tura, domin lambobin ake kwafa yadda suke. Inda ɓarnar take shi ne wajen sake matsewa. Wani ya ɗauki tsohon kaset ya kara waya a bakin sifika ya naɗa. Wani ya ɗora wannan a Facebook ko TikTok da hoto a kai, dandalin ya matse shi. Wani ya sauke bidiyon ya cire sautin ya mayar MP3. Mai turi kuma ya sake rage shi don ya shiga ƙaramin memori, wataƙila har ya ɗora muryarsa da sunan shagonsa a tsakiya. Kowane mataki rariya ce a kan rariya.

Ga kiɗan Hausa wannan asara tana da nauyi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu da kotso kuma magana suke yi, suna bin hawa da saukar murya. Daɗin waƙar fada yana cikin jin kowace kalma ta zambo da habaici, da rarrabe muryar makaɗi da ta ƴan amshi, da jin lokacin da hannu ya sauka a kan fata. Matsewa mai tsanani takan fara cin kaifin bugun ganga da siraran sautuka na sama, sai kiɗan ya cakuɗe kamar ana yi a cikin randa. Yaron da ya tashi da irin wannan kwafi zai ɗauka haka Narambaɗa ko Ɗan Anace suke, alhali inuwarsu kawai yake ji.

Idan aka zuba irin wannan fayil a na'urar dala 3,700, ba za ta gyara shi ba. Hasali ma za ta ƙara tona masa asiri, domin tsabtar sautinta za ta fito da kowace ƙara da kowane gurɓata fili.

Shin kunne na iya rarrabewa?

Babban abin da ake tallata waɗannan na'urori da shi shi ne iya kunna sautin da ya fi na CD yawan bayanai. Amma kunnen ɗan Adam yana da iyaka. Matashi mai lafiyar kunne yana jin girgizar sauti daga 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, kuma saman wannan ma'auni yana raguwa da shekaru. An tsara CD ne don ya ɗauke wannan fagen gaba ɗaya.

A 2007, wasu masu bincike biyu a Amurka, Brad Meyer da David Moran, sun wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Sun riƙa kunna wa mutane sauti mai babban inganci, sannan su rage shi zuwa matakin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ake kunnawa ba. A cikin gwaji 554, an dace sau 276. Rabi ke nan, daidai da abin da mai canki-canka zai samu.

A 2016 kuma Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje da dama ya sake nazarinsu. Ya gano akwai ɗan bambancin da ake iya ji, amma ƙarami ne, kuma waɗanda aka horar ne suka fi kama shi.

Waɗannan gwaje-gwaje a ɗakuna masu shiru aka yi su, da kayan sauraro na ƙwarai. A cikin kwalekwale mai inji, ko kusa da injin ban-ruwa a fadamar shinkafa, ko a kan babur a hanyar Kaoje, irin wannan ɗan bambanci ba shi da wurin zama.

Bambancin da kowa zai ji, ko bai taɓa shiga makaranta ba, shi ne tsakanin fayil ɗin da aka matse sau uku da MP3 mai kilobit 256 ko 320 da aka ciro daga asali mai kyau. Sai kuma tsakanin iyafis na ɗari biyar da wanda aka ƙera da kyau. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan harka ji ne ke korar gani: ƙyallin zinaren da ke jikin na'ura ba ya shiga kunne.

Ranar wanka: zafi, ƙura da caji

Ko da an yarda sautinta ya fi, na'ura sai ta zauna da mutum a inda yake rayuwa. A nan ne lissafin ya fi juyewa.

Na farko, caji. Sony ya ce tasa na iya kai wa awa 40, amma wannan adadi yana raguwa sosai idan ana kunna allo ko ana jawo waƙa ta intanet. SP3000 kuwa kimanin awa 10 take yi. A ƙauyen da ake dogaro da sola da shagon caji, ƙarin na'ura ƙarin layi ne da ƙarin kuɗi. Kuma ba kowa ne zai iya barin kayan miliyan biyar a kan teburin mai caji ya tafi gona ba.

Na biyu, yanayi. Galibin masu ƙera irin waɗannan kaya suna ba da shawarar kada a yi amfani da su a zafin da ya wuce digiri 35. A Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura 40. Zafi yana tsufar da batir da wuri, ga ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, ga laimar bakin kogi da damina. Idan ta lalace, mai gyaran waya a Bagudo ko Birnin Kebbi ba shi da kayanta, domin ba Tecno ba ce, ba Itel ba ce.

Na uku, nauyi. Rabin kilo a aljihun riga ba wasa ba ne. Mawaƙin nan ɗan asalin Kanada, Neil Young, ya tara sama da dala miliyan shida a 2014 daga hannun masoya don ƙera na'urar Pono mai dala 399. An yi ta da siffa mai kusurwa uku wadda ba ta zama a aljihu, ga batir da bai daɗewa. Zuwa 2017 an rufe harkar. Ko a ƙasashen masu kuɗi, abin da ya yi wuyar ɗauka ba ya zuwa ko'ina.

Na huɗu, ma'ajiya da data. Tsarin FLAC, wanda ke rage girman fayil ba tare da zubar da komai ba, yana cin kusan MB 5 zuwa 6 a minti. Waƙar Shata mai rabin awa za ta ci MB 30 a MP3 mai kilobit 128, amma a FLAC za ta haura MB 150. Memori mai GB 16 zai ɗauki fiye da awa 250 na farkon, na biyun kuwa awa 40 zuwa 50. Ga mai sayen data ta ɗari biyu, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, amsar a bayyane take.

Na biyar, kuma wanda ya fi muhimmanci: wannan Walkman mai tsada ba ta da sifika a jikinta, ba ta kuma da rediyon FM. An ƙera ta ne don mutum ɗaya ya toshe kunne ya keɓe kansa. A ƙasar Hausa kuwa sauraro abin tarayya ne. A majalisa ake jin tafsiri, a gona ake kunna waƙar noma kowa ya ji ƙarfi, mata a tsakar gida suna aiki MP na gefe. Ana iya haɗa ta da sifika ta bulutut, amma bulutut na yau da kullum shi ma matse sauti yake yi zuwa kilobit 328 ko ƙasa da haka, ƙaramar sifika kuma ba ta iya fitar da amon babbar ganga. An dawo gidan jiya ke nan.

Abu ɗaya da masu tsadar suka yi daidai shi ne maɓallai na zahiri a gefe, waɗanda ake dannawa ba sai an duba allo ba. Amma ƴar MP ta kasuwa ma tana da su, shi ya sa tsoho wanda bai iya karatun boko ba yake sarrafa ta cikin duhu.

Inda ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki

Mai son sauti mai kyau ba sai ya sayar da shanu ba. Matakin farko shi ne fayil. Kafin a cika maka memori, duba girman waƙar. Idan waƙar minti biyar ba ta kai MB 3 ba, an matse ta da yawa. Mai kyau takan kai MB 8 zuwa 12. Sai dai girma kaɗai ba hujja ba ne, domin ana iya kumbura mummunan fayil, don haka a saurara kafin a biya. Wanda ke da hali ya sauke daga shafin mawaƙin a Boomplay ko Audiomack ko Spotify, ya zaɓi babban inganci a saitin manhajar lokacin da ya samu sabis mai ƙarfi. Ta haka ma mai waƙar zai samu wani abu.

Idan za ka tura wa wani sauti ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, kada ka mayar da shi bidiyo ko ka kara waya ka sake naɗa.

Mataki na biyu abin sawa a kunne. Nan ne kuɗi ya fi yin tasiri. Akwai iyafis masu waya na ƙasa da dala 30 da suka yi suna a duniya saboda tsabtar sautinsu. A zaɓi mai robar da ke toshe kunne da kyau, domin idan iska na shiga, amon ƙasa yana gudu. Yawancin wayoyin Tecno da Itel da Infinix har yanzu suna da kafar iyafis, wadda Apple ya cire daga iPhone tun 2016. Wanda wayarsa ba ta da ita, akwai ƴar igiya mai DAC a ciki da ake sawa a kafar caji, ta Apple dala 9 ce.

Mataki na uku memori. Akwai jabu da yawa a kasuwa, waɗanda aka rubuta musu GB 32 alhali cikinsu bai kai haka ba. Alamarsu ita ce waƙoƙi su riƙa ɓacewa ko su ƙi buɗewa bayan an cika. A saya a wurin wanda za a iya komawa gare shi.

Sai kuma kunnen kansa, wanda babu shagon da ke sayar da sabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'auninta shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Idan ƙarar ta kai desibel 90, awa huɗu kacal ne a mako. Mummunan iyafis yana sa mutum ya ƙure ƙara don ya danne hayaniyar waje, musamman a kan babur, inda toshe kunne ke da wani haɗarin na daban. Idan ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙugi, gargaɗi ne. Jijiyoyin ji da suka mutu ba sa farfaɗowa.

Abin da ya kamata a kashe wa kuɗi

Akwai wurin da kayan sauti masu tsada ke da amfani na gaske a yankinmu, amma wajen naɗa ne, ba wajen sauraro ba.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Ba za su sake shiga ɗakin naɗa ba. Abin da ya rage na muryoyinsu, da na irin su Aliyu Ɗandawo da ya yi wa sarakunan Argungu da Yawuri waƙa, yana cikin faya-fayan garmaho da zaren naɗi na gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna da Rima, da kaset-kaset da ke cikin adakar tsofaffi. Waɗannan ma sanannu ke nan. Makaɗan ƙauye na noma da su da dambe da kokawa, da mawaƙan Dandi da Busa da Fulani na bakin iyaka, da karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da yawansu kaset ɗaya ne ko biyu suka rage musu a duniya.

Zaren kaset ba ya jira. Zafi yana lalata shi, laima tana sa masa fumfuna, rakodar da za ta kunna shi ma tana ƙarewa a kasuwa. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, tana ba da shawarar a kwashe irin waɗannan naɗe-naɗe zuwa kwamfuta da babban inganci, ba tare da matsewa ba, a ajiye uwar a wurare fiye da ɗaya, sannan a ciro MP3 daga gare ta don rabawa. Hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunatar da duniya wannan aiki.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: rakoda mai lafiya da aka goge wa kai, igiyar da za ta haɗa ta kai-tsaye da kwamfuta, ƴar na'urar shigar da sauti, da ma'ajiya biyu. Kuɗin Walkman ɗaya mai ruwan zinare zai sayi waɗannan duka har a samu canji mai yawa. Aiki ne da masarautu da sassan nazarin Hausa na jami'o'i da hukumomin al'adu na jiha za su iya ɗauka, haka ma matasan da ke zaune da kwamfuta a shagunan turi, idan aka nuna musu hanya.

Mai tsohon kaset a gida shi ma yana da nasa rabon aikin. Kada a jefar da shi don an ga waƙar tana yawo a waya, domin mai yiwuwa na cikin adakar ya fi na wayar kyau nesa ba kusa ba. A ajiye shi a inuwa, nesa da laima da maganaɗisun sifika, a rubuta sunan mai waƙar da garin da shekarar idan an sani.

Na'urar dala 3,700 tana da masu ita, kuma ba laifi ba ne mai hali ya saya. Amma ga Lafagu da Illo da Zagga da Tsamiya, ingancin sauti yana farawa ne tun daga ranar da aka kwashe waƙa daga kaset. Idan aka yi sakaci a wannan rana, babu kamfanin da zai ƙera na'urar da za ta dawo da muryar.